Kullum yana ba ni haƙuri, ni kuwa na daina jin komai

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a nan Jos, shekararmu goma sha ɗaya da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana yana sayar da kayan gyaran mota. Lokacin da na aure shi ko taba ba ya sha. Shekara huɗu da suka wuce jarinsa ya karye, ƙaninsa da suke shago ɗaya kuma ya rasu a hatsarin mota, daga nan ya fara kai dare a waje. Da farko kanumfari yake taunawa don kada in ji wari, yanzu kuwa har ɗauko shi ake yi a kawo ƙofar gida. An ce mini idan ba kuɗi har goskolo, barasar nan ta bayan fage, yake sha.

Idan gari ya waye sai ya zauna bakin gado yana kuka, hannunsa na rawa, yana cewa in yafe masa, daga yau ya bari. Sau uku yana dafa Alƙur'ani. Azumin bara ne kawai ya yi wata guda bai sha ba, kuma a kwanakin farko sai da ya kwanta, yana gumi yana ganin abubuwan da babu su, Hajiyarsa ta ce jifa ne. Kwana biyu da salla ya koma.

Ni ɗinki nake yi, kuma ni ce uwar adashi a layinmu. Watan jiya ya buɗe akwatina ya ɗebi dubu ɗari da tamanin, kwasar wata maƙwabciya. Na tambaye shi ya rantse bai gani ba, har na zargi 'yar yayata da ke zaune a wurina, na yi mata faɗa ta wuni tana kuka. Sai bayan kwana biyar ya amsa. 'Yan kunnena na gwal na sayar na biya. Bai taɓa dukana ba, amma wani dare ya ture ni na bugu da ƙofa, kuma a daren ya ce ya sake ni, da safe ya ce bai san ya faɗa ba. Babban ɗanmu mai shekara tara ya daina fita wasa saboda yara na kiransa ɗan mashayi.

Hajiyarsa cewa take in rufa masa asiri in yi ta addu'a. Iyayena ba su sani ba. Yanzu idan yana ba ni haƙuri ba na jin komai, ko tausayi. Na ce na yafe, amma na canza wa akwatin makulli. Da ya gani sai ya ce ashe yafiyar tawa ta munafunci ce, Allah ma yana yafe wa bayinsa balle ni. Anti, ina da laifi a wurin Allah? Zuciyata ce ta bushe? In zauna ko in tafi? Har yanzu ina sonsa, mutumin kirki ne idan yana cikin hankalinsa.

Wata baiwar Allah, Jos

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba ki da laifi. Makullin da kika canza bai rage komai daga yafiyarki ba, kuma abin da ke cikin akwatin ma ba naki ba ne, amanar matan layinku ce. Da kin bar shi yadda yake bayan abin da ya faru, da a nan ne za a ce kin yi sakaci da haƙƙin mutane.

Maigidanki ya haɗa abu biyu ya mai da su ɗaya, har ke ma kin fara ganinsu haka. Yafiya daban, yarda daban. Yafiya ita ce ki sauke haƙƙinki daga wuyansa: ba za ki bi shi da shi gaban Allah ba, ba za ki rama ba, ba za ki riƙa goranta masa ba. Wannan a hannunki take, kina iya ba da ita yau, ladanki na wurin Ubangiji. Yarda kuwa ko kin so ki ba da ita kyauta ba za ki iya ba, domin zuciya a kan abin da ido ya gani take gina ta. Mai shagon unguwa yana iya yafe wa mutum bashin da ya kasa biya, su ci gaba da gaisawa da halartar hidimar juna, amma ranar da ya dawo neman sabon bashi ya ce masa sai dai kuɗi hannu, kuma ba wanda zai kira shi munafuki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Ki tuna kuma da Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Da ya musulunta ya zo, Annabi ya karɓe shi, bai sa an taɓa shi ba, amma ya tambaye shi ko zai iya kau da fuskarsa daga gare shi. Wanda ya fi kowa tausayi ke nan. Ya yafe, ciwon kuma bai ɓace don an yafe ba. To don me za a ce dole taki zuciyar ta wayi gari sabuwa saboda an ce ki yi haƙuri?

Abin da kike kira bushewa gajiya ce. Shekara huɗu kina jin magana ɗaya, kina sa rai, ana karya miki shi, dole zuciya ta koyi kare kanta. Mace mai busasshiyar zuciya ba ta sayar da gwal ɗinta ta rufe ɓarnar miji, ba ta kuma ƙarasa wasiƙarta da yabonsa.

Tunda shi ya kawo maganar Allah yana yafe wa bayinsa, to mu bi ta nan ɗin. Gaskiya ne, Allah mai gafara ne, amma malamai sun bayyana sharuɗɗan tuba: mutum ya bar laifin, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, idan kuma laifin ya taɓa haƙƙin wani, ya mayar masa da abinsa ko ya nemi ya yafe masa. Nadama kam yana da ita, ba na shakkar hawayensa. Mutumin da ya farka ya tarar ya zama irin wanda a da yake ƙyama, kukansa na gaske ne. Sai dai ki duba inda kukan yake ƙarewa. Ya yi kuka, ki rarrashe shi, nauyin ya sauka daga ƙirjinsa, ya fita da sauƙin rai, da yamma a koma gidan jiya. Ba da niyyar yaudara yake yi ba, amma ban haƙurin ya riga ya shiga cikin jerin abubuwan da ke ba shi damar sake sha, kuma ke da aka cuta ke ce kike ƙarewa da aikin rarrashi.

Ban haƙuri na gaske yana da alamu. Mai yin sa yana kiran laifin da sunansa: na ɗauki kuɗin adashi, na yi miki ƙarya, na zuba ido kika zargi yarinya. Ba ya jingina wa talauci ko abokai ko ke. Yana biyan abin da ya ɓata. Kuma ba ya tsaya miki a ka sai kin nuna kin huce, yana barinki ki huce a lokacinki. Wanda ya ga makulli ya fusata, kunyar kansa yake ji har yanzu, bai kai ga jin ciwonki ba. Ranar da zai dubi makullin ya ce kin yi daidai, har ya miƙo miki katin bankinsa ya ce ki haɗa da wannan, ranar za ki san an fara tafiya.

Saboda haka dubu ɗari da tamanin ɗin nan bashi ne a kansa, kuma shawarata kada ki yafe shi yanzu. Ko dubu biyar-biyar ne duk mako ya riƙa ajiye miki har a mayar da 'yan kunnen. Kuɗin za su yi miki amfani, shi kuma za su fi yi masa, domin mutumin da ya saba ganin kansa a matsayin mai saɓa alkawari yana buƙatar wani ƙaramin alkawari da zai riƙa cikawa yana gani da idonsa.

Maganar 'yar yayarki ita ta fi tsaya mini a rai. Yarinya tana zaune a gidan da ba na iyayenta ba, aka jingina mata sata, wanda ya san gaskiya yana kallo har kwana biyar. Irin wannan yara kan girma da shi. Dole ya ba ta haƙuri da bakinsa, amma ke kada ki jira shi. Ki zaunar da ita yau ki ce mata an gano ba ita ba ce, kin zalunce ta, ta yafe miki. Duk wanda ya ji zargin, har mahaifiyarta, ki tabbata ya ji wankewar.

Rantsuwa kuma a daina. Idan ya sake ɗauko Alƙur'ani, ki roƙe shi cikin ladabi ya mayar da shi mazauninsa. Rantsuwa ukun da ya karya akwai kaffara a kansa, kamar yadda aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta faɗa: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Wadda ya yi a kan bai ga kuɗin ba alhali ya sani, a wurin mafi yawan malamai ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba da mayar da haƙƙi. Kowace rantsuwa da ya karya ƙara masa ƙin kansa take yi, ƙin kai kuwa shi ne babban abin da ke mayar da mashayi mashaya.

Yanzu bari in tsaya a gefensa, domin a wasiƙarki akwai abin da ya fi kuɗin tayar mini da hankali, wato kwanciyar da ya yi a farkon azumin bara. Rawar hannu da safe, gumi, ganin abin da babu shi, likitoci sun san wannan sarai. Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa. Idan an daɗe ana sha kullum, ƙwaƙwalwar takan ƙara ƙaimi don ta iya aiki duk da dannewar, ranar da aka yanke giyar kwatsam kuwa sai ƙaimin ya yi yawa, jiki ya rikice. Alamun kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewa mai tsanani da gane-gane kuma tsakanin kwana na biyu da na huɗu, kuma wannan matakin yana kisa idan ba a hannun likita ake ba. Wanda ya taɓa shiga halin ya fi kowa haɗarin sake shiga. Allah ne ya kuɓutar da maigidanki bara. Ma'anar wannan ita ce "daga yau na bari" da yake faɗa a bakin gado, ko da zai iya cika ta, haɗari ce gare shi idan a gida zai yi ta shi kaɗai. Jikinsa ya kai matakin da barin giya sai da asibiti.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, kuma su ne masu kula da matsalar shaye-shaye. Idan yana gudun idon sani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A can za a ba shi maganin da zai raka jikinsa ya tsallake kwanakin farko lafiya, a ba shi bitamin B1 wanda giya ke ƙarar da shi kuma rashinsa ke lalata ƙwaƙwalwa, a gwada hantarsa. Bayan haka akwai magunguna irin su naltrexone da ke rage kwaɗayin giya, sannan a riƙa zama da mai ba da shawara. Na san mazanmu, da yawa za su ce su ba mahaukata ba ne. Idan ya ce haka kada ki ja da shi, ki ce ku je a duba hantarsa da rawar hannun da rashin barci, amma ki tabbata likitan ya ji gaskiyar abin da yake sha da yawansa, ya kuma ji labarin ƙaninsa da karyewar jarin. Mutumin da ya kai shekara bakwai da aure ko taba ba ya sha, ya fara bayan ya binne ɗan'uwansa, akwai baƙin cikin da bai samu inda zai sauke ba, kuma ciwon damuwa yana da magani. Idan kika taɓa jin ya ce ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, kada ki ɗauke ta maganar maye, ki sanar da danginsa da likita a ranar.

Goskolon ya ƙara gaggauta lamarin. Ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki, kuma irin wannan barasar ta bayan fage wani lokaci tana ɗauke da sinadarin metanol, mai makantarwa da kisa. A 2015 gurɓatacciyar barasar gida da ake kira ogogoro ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas. Idan ganinsa ya dushe bayan ya sha, ko ya yi aman jini, ko idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa ya kumbura, a tafi asibiti ba a jira safiya ba. Daren da aka kawo shi bai san inda kansa yake ba, ki kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a rigingine, don kada amai ya shaƙe shi. Idan an tashe shi bai tashi ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa, shi ma asibiti.

Hanya biyu za a nuna miki, ina roƙonki ki guje su. Za a ce a kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da ɗari uku daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, kuma ɗaure mai irin halin maigidanki a ɗaki ba likita yana iya zama ajalinsa. Za a kuma ce akwai maganin da ake barbaɗawa a abinci ba da sanin mutum ba. Akwai wani magani, disulfiram, da idan ya haɗu da giya yake jawo amai da bugun zuciya da faɗuwar hawan jini, likita kaɗai ke ba da shi kuma da yardar mai sha. Na masu talla a mota kuwa ba ki san abin da ke ciki ba, hantarsa kuma ta riga ta jigata.

Hajiya kada ki yi faɗa da ita. Uwa ce da ta riga ta rasa ɗa guda, kuma ya fi mata sauƙi ta ce an jefi ɗanta da ta ce ɗanta mashayi ne. Ki ce mata a ci gaba da addu'a da ruƙiyya, a haɗa da likita, tunda Annabi da kansa ya umarci bayin Allah su nemi magani. Inda ba zan bi ta ba shi ne rufin asirin. Wane asiri ya rage, ƙanwata? Masu ɗauko shi sun sani, yaran layi sun sani, ɗanki na shan gori a kai. Waɗanda ba su sani ba su ne kawai waɗanda za su iya tsaya miki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai ƙara don neman mafita ba gulma ba ce: Hindu 'yar Utba ta je gaban Annabi ta faɗi rowar mijinta Abu Sufyan, ya saurare ta ya ba ta hukunci. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ma cewa ta yi a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Ki zaɓi mutum ɗaya daga gidanku, mahaifinki ko yayanki, wanda ya fi sanyin kai. Daga nasu gefen a samu baffa ko kawu, ko ubangidansa na kasuwa, wanda yake jin nauyinsa. Ki roƙe su kada su mai da zaman wurin zagi. A zamanin Annabi akwai wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a kuma fitar da shi daga cikin mutane ba. Haka nake so danginku su riƙe maigidanki.

Daga yanzu kuma ki daina share masa hanya. Kada ki ce wa abokan cinikinsa zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kada ki biya bashin da ya ci a mashaya, kada ki sake sayar da komai naki. Kuɗin adashi su daina kwana a gida: ranar zubi su wuce asusun banki da ke kaɗai kika san lambar sirrinsa, ko ki miƙa wa wata riƙon na ɗan lokaci. Kuɗin makarantar yara a biya kai tsaye da sun shigo. Ki kuma huta da binciken aljihu da sansana baki, ba ya hana sha, ƙara masa dabarar ɓoyewa kawai yake yi, ke kuma ya cinye miki rai.

Akwai maganar da kika wuce da sauri, alhali ita ce ba ta jira, wato sakin. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, shi ne wanda ya sha abin maye da gangan ya furta saki, sakin ya auku. Wasu malamai sun ce bai auku ba idan hankalinsa ya gushe, kuma an ruwaito haka daga Sayyidina Usman. Hukuncin naku ya danganta da lafazin da ya yi, da yadda mayen ya kai, da ko an taɓa yin wani sakin a baya, da abin da ya biyo baya a cikin idda. Ba abin da za ku yanke ku biyu a ɗaki da cewa bai tuna ba. Ku je wurin malami masanin fiƙihu ko alƙali a wannan makon, ki faɗi abin da kika ji kalma da kalma. Wataƙila ma ta wannan ƙofar iyayenki za su fi sauƙin shigowa, kuma shi kansa ya ga cewa bakinsa na iya rushe gidansa yana cikin maye.

Turewar ma ki lissafa ta. Kin ce bai taɓa dukanki ba, amma jikinki ya bugu da ƙofa, kuma irin wannan yakan ƙaru. Idan ya shigo a buge, ba faɗa, ba nasiha, ba tambaya, ki shige ɗakin yara ki rufe. Ki san gidan da za ki ƙwanƙwasa da tsakar dare, wayarki da caji, takardunki da na yara da ɗan kuɗin mota a wuri ɗaya. Idan yana tuƙi, yara ba sa shiga motarsa ranar da ya sha, ko za a yi rigima a kai. Idan ya sake sa miki hannu, ki fita da yara a daren, ki je asibiti a rubuta, ki sanar da waliyyinki. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Filato kuma tana taimaka wa mata a irin wannan.

Maganar da za ki yi da shi kuwa, ki zaɓi lokacin da yake cikin hankalinsa, ya ci abinci, yara ba sa nan, akwai wani babba a kusa. Ki gajarta. Ki ce masa: "Baban yara, ina sonka, kuma ba zan iya ci gaba da zama a haka ba. Ba na son rantsuwa. Ina so ranar Litinin mu je asibiti tare da Yaya, ka fara biyan kuɗin nan, ka kuma ba yarinyar nan haƙuri." Ki faɗa masa za ki sanar da gidanku, sanarwa ce ba neman izini ba. Kada ki yi barazanar da ba za ki cika ba, domin idan kika ce za ki tafi kika zauna, maganarki ma ta zama irin tasa. Ranakun da ya dawo gida garau kuma ki bar shi ya ji bambancin, ki sake masa fuska, ku ci abinci tare, yara su zauna da shi. Yana buƙatar ya riƙa tuna abin da yake asara.

Ɗanki mai shekara tara ya riga ya san komai, abin da bai sani ba shi ne ko an yarda ya yi maganar. Ki ce masa Baba yana da ciwon da ke sa shi shan abin da ke cutar da shi, manya suna nema masa magani, ba laifinsa ba ne, kuma ba aikinsa ba ne ya gyara. Kada ki aike shi neman ubansa, kada ki sa shi gadinsa. Ki haɗa shi da wani kawunsa ko malamin Islamiyyarsa da zai riƙa jansa a jiki, ki kuma yi wa iyayen yaran da ke tsokanarsa magana a hankali.

Zama ko tafiya, ba ni zan yanke miki ba, kuma ba dole ki yanke yau ba. Tsakaninsu akwai matakai. Kina iya zama bisa sharaɗin da aka gindaya gaban manya. Kina iya komawa gida na ɗan lokaci da sanin dangin biyu, da sharaɗin dawowa a fili, wanda ya bambanta da yajin fushi da ake biko da goro da ban baki. Idan kuma cutarwa ta ci gaba, ki sani a Malikiyya alƙali yana iya raba aure saboda cutarwar da aka tabbatar ba tare da kin mayar da sadaki ba, akwai kuma hul'i, kuma uwa ce ke da fifikon riƙon yara, ciyar da su yana kan uba. Na faɗa miki wannan ne don idan kin zauna ya zama kin zaɓa, ba don kina ganin ba ƙofa ba.

Ki ba abin wata uku zuwa shida, ki daina auna kalamansa, ki riƙa duba inda ƙafarsa ke zuwa. Ya je asibitin? Yana komawa ranar da aka ba shi? Ya canza hanyar dawowa daga kasuwa da majalisar da yake zama? Kuɗin na shigowa? Zamewa takan faru ga mai neman barin giya, ko da yana kan magani, kuma zamewa ɗaya ba ta nufin komai ya rushe. Abin dubawa shi ne wa ya fara faɗa. Idan shi ya zo ya ce jiya na sha, mu koma wurin likita, wannan mutum ne da za a iya sake gina yarda da shi. Idan kuwa ke kika gano kuma ya rantse ya musa, to ana nan inda ake.

A Amurka, a 1951, iyalan mashaya, akasarinsu mata, suka kafa ƙungiyar Al-Anon don su riƙa sauke wa juna nauyi, kuma abin da suke koya wa sabuwar zuwa shi ne ba ita ta jawo shan ba, ba ta da ikon sarrafa shi, ba kuma ita za ta warkar da shi ba. Ke ma ki samu mutum ɗaya mai riƙon sirri da za ki riƙa faɗa wa gaskiyar halin da kike ciki, ki riƙe ɗinkinki da kyau, ki koma zuwa Islamiyya da gidajen 'yan'uwa idan kin janye. Idan barci ya ƙaurace miki ko kuka ya yi yawa, ki faɗa wa likitan ke ma a duba ki.

Idan kun je asibitin, ko kuma ya ƙi zuwa, ki sake rubuto mini, domin matakin gaba ya danganta da wanne ne ya faru. Allah ya ba shi lafiya, ya tsare ki da yaran.